Shaidar da na bayar a kan ɗakin Iya

Ina shekarata ta uku a Makka abin ya faru. Karatun fiƙihu ne ya kai ni daga Katsina, kuma a shekara ta biyu na samu izinin ɗauko matata. Muka kama haya a unguwar Kudai, a wani bene mai hawa biyar, irin wanda a can ake ce wa imara. Mu muna hawa na biyu. Hawa ukun da ke samanmu ba a ba masu hayar shekara, ajiye su ake yi don alhazai da masu Umra, kuma da abin da suke kawowa gidan yake tsaye.

Mai gidan dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Kakansa ya zo daga ƙasar Kano a ƙafa, shi kuwa a Makka aka haife shi, ɗan ƙasa ne da takardunsa. Hausarsa irin ta mutanen da ce, ya cakuɗa ta da Larabcin Hijaz, har wani lokaci sai na ɗan yi jim kafin in kama abin da ya ce. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza biyu suna aiki a Jidda. Suna jin Hausa amma ba sa mayarwa. Ciwon sukari ya cinye masa ido, saboda haka duk takardar da ta zo ni yake kira in karanta masa. A kan haka muka saba.

A can ƙololuwar benen, wajen tankunan ruwa, akwai ɗaki guda na bulo mai rufin kwano. A nan Iya take. Mutuniyar Damagaram ce. Ta zo aikin Hajji da mijinta fiye da shekara talatin kafin zuwanmu, ba su koma ba. Mijin ya zama mai gadin benen, shi ya gina ɗakin da hannunsa bayan Baba ya yarda. Da ya rasu, matar Baba ta ce kada wanda ya taɓa Iya, aka bar ta a ɗakinta. Ba ta da igama, wato takardar izinin zama, ba ta kuma da ɗa ko jika. Tana share matakala, tana shanya kuɓewa da barkono a rufin, ta daka yaji ta sayar wa matan unguwa. Da matata ta haihu ba mu da kowa a garin. Iya ce ta sauko kullum safe da yamma har kwana arba'in, ta dafa ruwa ta yi mata wankan jego, ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kanta sai ta shanye.

Ranar da guguwar ta zo, ƙarshen zafi ne, bayan la'asar. Ina zaune ina bitar karatu na ga hasken ɗakin ya canja. Na leƙa taga, sama ta yi jawur, nan da nan kuma ta yi baƙi. Iskar da ta taso ban taɓa ganin irinta ba, ko a gida. Allunan shaguna suka riƙa tashi, wani kwandon shara na ƙarfe ya bi titi yana gungurawa shi kaɗai. Sai ruwa ya kece. Makka duwatsu ne suka kewaye ta, ƙasarta ba ta shan ruwa, don haka kafin rabin awa titinmu ya zama kogi. Muna cikin haka muka ji wata ƙara daga sama wadda ta girgiza benen gaba ɗaya, wuta ta ɗauke. Matata ta ɗago kai daga kan jaririyar ta ce, “Malam, Iya.”

Na hau matakala ruwa yana sauko mini a ƙafa kamar an buɗe famfo. Da na kai sama na tura ƙofar da ƙyar. Kwanon ɗakin Iya ya yaye baki ɗaya. Tanki ɗaya ya kife ya fasa katangar gefen rufin, bulo ya zuba kan motocin da ke ƙasa. Wani falle na kwanon ya kwanta a bakin magudanar ruwa ya toshe ta, ruwa ya taru har ƙwauri yana neman hanya, ya samu ramin lif ya bi. Iya na tsugune a bayan ƙofa ta rungume hannunta na dama. Ta fito kwashe shanya ne kwanon ya doke ta. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Ni da wani maƙwabcinmu ɗan Yaman muka sauko da ita zuwa wajenmu.

Asibiti bai yiwu ba, domin abin da za a fara tambaya shi ne igama. Washegari na je unguwar Zahir na ɗauko wani maɗori Basakkwace, ya duba ya ce karaya ce kusa da kafaɗa, ya ɗaure. Muka shimfiɗa mata katifa a falonmu.

Ɓarnar ta fi yadda muka zata. Injin lif ya ƙone, wayoyin wutar hawa uku sun lalace, silin hawa na biyar ya rufto kan gadajen alhazai, katifu da darduma duk sun sha ruwa sun fara wari. Ga masu motocin da bulo ya faɗa wa suna zuwa ƙofa. Amma Baba bai tada hankalinsa sosai ba, saboda gidan yana da inshora, ta'amin kamar yadda suke faɗa. Ba da son ransa ya shiga ba. Ya sha tambayata ko malamai sun halatta ta, ya ce don dai ba a ba shi izinin saukar alhazai sai da ita ne. Duk shekara yana biya, bai taɓa neman komai a wajensu ba. Na rubuta masa takardar sanar da kamfanin, ya sa hannu inda na ɗora masa yatsa.

Bayan kwana huɗu mai duba ɓarna ya zo, mutum mai ladabi, da hular kwano da na'urar ɗaukar hoto. Ni na zaga da shi tunda Baba ba ya iya hawa. Ya ɗauki lif, ya ɗauki silin, ya ɗauki tankin. Da muka kai ɗakin Iya ya tsaya ya daɗe. Gadonta na ƙarfe yana nan, da tukwanenta, da buta, da turmi, da carbi rataye a ƙusa. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya bai tambaye ni komai ba. Ni kuma a lokacin ban ga wani abu a ciki ba. Har na ji daɗi, na ɗauka ita ma za a biya ta kayanta.

Amsarsu ta ɗauki kusan wata guda. Na karanta wa Baba a majalisarsa da ke hawa na ɗaya, ya ce in bar Larabcin lauyoyi in faɗa masa da Hausa. Na ce masa sun ƙi biya. Dalilinsu biyu ne: ɗakin saman ba ya cikin taswirar ginin da aka ba su, kuma ba a gaya musu ana kwana a cikinsa ba, sannan a ganinsu ba guguwa ce ta jawo ɓarnar ba, kwanon ɗakin ne ya ture tanki ya toshe magudana. Baba ya murza gwiwarsa. Can ya ce, “To iskar fa? Ni na aiko ta?” Ya sa na sake karantawa tun daga farko, kamar wata kalma za ta canja.

A ƙarshen makon babban ɗansa ya zo daga Jidda, tare da wani mutum wanda sana'arsa ke nan, bin takardun masu gidaje idan kamfanin inshora ya hana su haƙƙinsu, in an ci nasara ya ɗauki kasonsa. Aka kira ni. Mutumin ya san aikinsa. Ya ce maganar guguwa mai sauƙi ce: benaye da yawa a layin sun rasa tankunansu ranar nan ba tare da suna da ɗaki a sama ba, zai kawo hotuna, zai kawo injiniya ya rubuta rahoto. Ɗakin ma ana iya kare shi, tunda ya girmi inshorar, kuma duk wanda kamfanin ya turo duba gida a shekarun baya ya gan shi bai ce komai ba. Abu ɗaya ne ba za a iya karewa ba, wato a ce mutum na zaune a ciki. Dole ɗakin ya zama na ajiya. Ya tambayi wace ce mai gadon da ke cikin hoton. Da aka gaya masa ba ta da igama sai ya rufe fayil ɗinsa, ya ce to maganar ta wuce ta kuɗi. In ta fito a rubuce cewa Baba ya ajiye marar takarda shekara da shekaru, tara ce mai nauyi, kuma ana iya haɗawa da ɗauri.

Ɗan Baba ba mugu ba ne, ba na son in zalunce shi a nan. Iya ta goya shi yana ƙarami. Amma ranar tsoro ne a fuskarsa, tsoron a kama mahaifinsa makaho a kai shi inda ba zai fito da rai ba. Ya ce kafin kamfanin ya sake turo mai dubawa, dole Iya ta bar benen gaba ɗaya, ba saman kaɗai ba. Sannan ya juyo gare ni da Larabci, yana kirana ustaz. Ya ce suna buƙatar ɗan haya mai cikakkiyar takarda, wanda ake ganin mutuncinsa, ya rubuta shaida cewa ɗakin na ajiya ne. Ɗan Yaman ya riga ya ce babu ruwansa. Saura ni.

Na ce a ba ni kwana biyu. Na san sunan abin da ake nema a wajena, na karanta babinsa, na ma yi jarrabawa a kansa. Amma na zauna ina lissafa wa kaina dalilai. Baba yana da gaskiya, guguwa ce ta yi ɓarnar, kamfanin kuwa mafaka kawai yake nema. In na ƙi, tsoho zai rasa gidansa. Kuma Iya a falona take kwance. In magana ta tashi, ni ne mai ɓoye marar takarda, karatuna ya ƙare ke nan, a sa mu a jirgi da jaririya. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin dalilin, sauran na jera su ne don in iya kallon kaina. Daga baya na samo dabara. Akwai wasu tsofaffin katifun alhazai guda uku da aka taɓa jinginewa a kusurwar ɗakin Iya. Sai na rubuta cewa ni ɗan haya ne a hawa na biyu, kuma na san ana ajiye katifun alhazai a ɗakin saman. Babu harafi ɗaya na ƙarya a ciki. Na sa hannu, na ɗora lambar igamata.

Baba ya ƙi yarda ɗansa ya gaya wa Iya. Ya ce shi zai faɗa da bakinsa. Na riƙe masa hannu muka hau hawa ɗayan nan, ya zauna a kujerar falonmu yana haki. Iya ta yunƙura za ta sauka ƙasa ta gaishe shi, ya hana. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi hannu, ta ce da sauƙi. Ya fara da labarin takardar kamfanin, ya zaga, ya koma kan mijinta da irin amanarsa, ya sake zagawa. Ita ce ta taimake shi.

“Alhaji, tashi zan yi ko?”

Ya ce na ɗan lokaci ne, har a gama da mutanen nan, in an gama zai sa a yi mata rufin siminti.

“Ba komai, Alhaji. Gidanka ne. Ka riƙe mu da ni da mai gidana, Allah ya saka.”

Ta roƙi abu ɗaya, a bar ta har a kwance ɗaurin hannun. Saura mako biyu a lokacin. Baba ya juyo wajen da yake jin numfashina, ni kuma na kalli ƙasa, domin an riga an sa ranar zuwan mai dubawa, kwana shida ne suka rage. Iya ta dube mu duka biyun ta ce to, ta gane.

Aka samo mata wuri a wata unguwa ta kan dutse, ɗaki guda da mata huɗu 'yan ƙasarta ke ciki. Mota ba ta kai wa nan, sai an hau matakalar siminti doguwa mai karkacewa. Ni na ɗauki ƙullin kayanta, tana biye da ni tana hutawa duk bayan 'yan taku, hannu a rataye. Turmin bai hawu ba, aka bar shi a ƙasa wajen wani mai shago. Da zan tafi ta ce in gaya wa matata kada ta daina shan kunu don an yi arba'in, yarinyar tana da ci. Ba ta san da takardar da na rubuta ba. Ban gaya mata ba, har yau kuma ban san ko wani ya gaya mata ba.

Matata ta sani, don ta ga kwafen a kan teburina. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, “Malam, katifu ne suka yi mini wankan jego?” Ta shige ɗaki. Kwana biyu tana ajiye mini abinci ba tare da ta zauna ba.

Kafin ranar dubawa ɗan Baba ya kawo leburori suka fitar da gadon da tukwanen, suka goge baƙin hayaƙin da ke bango, suka cika ɗakin da jiƙaƙƙun katifu daga hawa na biyar. Mai dubawa na biyu ya zo ya ɗauki hotonsu. Bai fi minti goma a saman ba.

Daga nan aka shiga abin da ban taɓa zaton zai yi tsawo haka ba. Kamfanin ya ce rahoton injiniyanmu bai cika ba, aka sake. Suka ce a kawo shaidar ƙarfin iskar ranar, aka kawo. Suka ce a kawo rasit na gyaran lif na shekarun baya, muka kwana biyu muna tonon akwatunan Baba, ina karanta masa takardu tun na zamanin matarsa. Aka kawo, suka ce wanda ke riƙe da fayil ɗin ya tafi hutu. Kowace wasiƙa tasu da ladabi take farawa, da ladabi take ƙarewa, a tsakiya kuma babu komai. Baba ya gyara wayoyin wuta da abin hannunsa, ya sallami masu motoci don kunyar maƙwabtaka, amma lif ya fi ƙarfinsa. Ba lif kuwa ba izinin saukar baƙi. Azumi ya zo ya wuce hawa uku a rufe. Hajji ya zo, layinmu ya cika da motocin alhazai, kowane bene da tutar ƙasar da ya sauka, namu shiru sai warin danshi. Baba ya daina fita masallaci sai Juma'a. In na shiga gaishe shi, kafin in zauna zai ce, “Sun rubuto?”

Da mai bin takardun ya ga jan ƙafar ta yi yawa, ya kai ƙara inda ake sauraron irin wannan rigima. Kafin a kai ga hukunci aka kira zaman sulhu a Jidda, aka ce mai shaida ya zo. Muka tafi da safe a motar ɗan Baba, tsohon yana gaba da farar jallabiyarsa da ya sa aka goge musamman. Ɗaki ne mai sanyi da dogon tebur. Lauyan kamfanin matashi ne mai taushin murya. Ya saurari maganar iska da tankunan maƙwabta bai musa ba. Sai ya zaro hotunan farko ya jera su a gabana: gadon, turmin, carbin a ƙusa. Ya ce shi ya san ɗaliban ilimi ba sa wasa da shaida, shi ya sa yake so ya ji daga bakina. Akwai wanda yake kwana a ɗakin nan ko babu?

Mai bin takardun ya tsoma baki ya ce tarkacen tsohon mai gadi ne da ya rasu. Lauyan bai kalle shi ba, ni yake kallo. Baba yana gefena, ina jin ƙarar carbinsa ta tsaya.

Na ce, “Ni a hawa na biyu nake zaune. Abin da na rubuta shi na sani.”

Ya ce bai tambaye ni abin da na rubuta ba. Na maimaita maganata kalma da kalma. Ya daɗe yana dubana, sannan ya tattara hotunan ya mayar cikin fayil. Na tabbata ya gane. Ina jin dai ya auna ya ga tono maganar zai kai wani tsoho kurkuku, ba kuma shi aka aiko shi yi ba. A hanyar dawowa ɗan Baba ya yi ta yi mini godiya. Na ce masa kaina ke ciwo, na jingina da gilashi na rufe ido har Makka.

Bayan mako uku aka daidaita. Kamfanin ya yarda zai biya lif da wayoyin wuta, ya ƙi rufin da katanga da kayan ɗakuna, bai kuma ko saurari maganar lokacin Hajjin da aka rasa ba. Sharaɗinsu shi ne a rushe ɗakin saman kafin su sabunta inshorar. Mai bin takardun ya ce a karɓa, in aka ja za a iya shekara biyu. Baba ya sa hannu. Aka cire kason mutumin, abin da ya rage ya gyara lif, bai kai ga silin ba. Leburori suka zo da guduma, kafin azahar babu ɗakin. Ban ji Baba ya sake ambatar rufin siminti ba, ni ma ban tuna masa ba.

Duk tsawon watannin nan matata tana zuwa wajen Iya kusan kowane mako da abinci. Ni sau uku na je. Hannun ya warke a karkace, ba ta iya daka, don haka sana'ar yaji ta mutu. Takan bi matan ɗakin su sauka bakin titi su sayar da ƙwayar hatsi ga masu ziyara da ke ciyar da tattabaru. A saman benenmu ta yi shekaru ba wanda ya tambaye ta takarda, don ba ta cika fita ba. A bakin titi kuwa ba ta yi wata biyar ba. Wata safiya aka yi kame, masu ƙafa suka gudu, ita ba ta iya ba. Ɗaya daga cikin matan ce ta bugo wa matata waya.

Na gaya wa Baba. Ya sa ɗansa ya bincika, aka ce tana inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu, kuma ba abin da za a iya yi. Duk wanda ya je nemanta ma sai ya yi bayanin alaƙarsa da ita. Ba wanda ya je. Ni ma ban je ba. Bayan kusan wata biyu wata baƙuwar lamba ta kira daga Nijar. Iya ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce an sauke su lafiya, ta isa Damagaram, ta tarar duk waɗanda ta sani sun mutu, unguwarsu ma ba ta gane ta ba. Wata jikar yayarta ce ta karɓe ta. Ta tambayi yarinya ko ta fara tafiya. Ta ce abu ɗaya ke damunta, ta so a ce inda aka binne mai gidanta nan za a binne ta, a yi mata salla a Harami, amma Allah bai nufa ba. Ta ce a gaida Alhaji. Kuɗin wayar ya ƙare a nan.

Mun sake samunta sau biyu. A karo na uku jikar ce ta ɗauka, ta ce Iya ta rasu da damina, zazzaɓi na kwana huɗu.

Na sauka na gaya wa Baba bayan la'asar. Ya yi salati, ya yi mata addu'a doguwa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Lif ɗin yana aiki a lokacin, muna jin motsinsa ta bango, yana hawa da wasu masu Umra. Can ya ce yana da tambaya, kuma yana so in amsa masa a matsayin malami, ba ɗan haya ba.

“Kuɗin nan da suka ba mu, halal ne?”

Na fara yi masa bayani cewa asalin haƙƙinsa ne, tunda guguwa ce ta yi ɓarnar, kuma ya biya abin da aka ɗora masa shekara da shekaru. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ba wannan ya tambaya ba, ni ma na san ba shi ba ne.

Na ce, “Baba, ban sani ba. Ni ne na rubuta takardar, bai kamata a ce ni zan ba da fatawar ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ya sa ni, don haka in yafe masa. Na ce ba wanda ya riƙe mini hannu. Muka bar maganar a nan, ba mu sake tada ta ba.

Bai cika shekara ba bayan haka ya samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa Jidda, suka ba wani kamfanin alhazai hayar benen gaba ɗaya. Aka ba mu wata biyu mu tashi. Muka koma unguwar Aziziyya, ɗaki biyu a bayan wani gidan burodi, a nan na ƙarasa karatuna. Na je Jidda sau ɗaya na duba shi kafin mu dawo gida. Bakinsa ya karkace, Hausar ta tafi, sai Larabci kaɗan da ba ya fita sosai. Ya gane muryata, ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya ya ƙi saki har aka kira salla.